Jan Farcen Mai Kunne

A layin masu gyaran mota, in ka ce mai haɗa sauti kake nema, ba wanda zai tambaye ka wanne. Da baki za a nuna maka rumfar da ke tsakanin mai faci da mai fenti, a ce ka tambayi Mai Kunne. Laƙabin ya kama shi tun gashinsa na baƙi wuluk, ya danne sunansa na yanka, har matarsa ma in tsokana ta motsa mata da shi take kiransa. Shagon kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: rumfar kwano mai cin mota biyu, teburin da dalma ta ƙoƙƙone, akwatunan sifika jingine da bango, wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusa. Su biyu ne a ciki, shi da ƙanensa. Ƙanen shi ne autan ɗakinsu, a hannunsa ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa yadda ake riƙe sukundireba. Yanzu Auta ya tara nasa iyalin, furfura har ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakin Mai Kunne har gobe "yaron nan" ne.

Aiki a rabe yake. Auta ne ke yankan katako, ya haɗa akwati, ya kwanta rigingine a ƙasan kujera yana jan waya har bayansa ya sage. In an gama duk wannan wahalar, sai a kira Mai Kunne ya sa hannun ƙarshe.

A jikin amfi, wato na'urar da ke ba sifika ƙarfi, akwai wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar wake ba, da bakin sukundireba ake murɗa shi. A bakin 'yan sana'ar, sabsonik ake ce masa. Aikinsa tankaɗe ne. A ƙarƙashin kowane kiɗa akwai sauti mai zurfin da kunnen mutum ba ya kamawa, amma sifika ba ta san da haka ba, ita dai abin da aka ba ta shi za ta buga. In akwatinta mai ramin iska ne, akwai iyakar inda iskar ciki ke tallafe fatar sifikar. Da an gangara ƙasa da nan sai iska ta saki hannu, fatar ta shiga fita tana komawa kamar za ta tsinke, ba sautin kirki, wahala zalla. Sabsonik ne ke tare wannan. Ka murɗa shi sama da yawa, ka yanke wa mutum daɗin kiɗansa, ya dawo yana cewa ka mai da masa mota rediyon kicin. Ka bar shi ƙasa da yawa, sifika ta yage.

Sauran masu sana'ar da mita, na'urar awo, suke yi, wasu su zuba wa fatar ido suna kallon rawarta. Mai Kunne rufe ido yake yi. Zai sa sautin gwaji, ya kai maɓallin can sama, sannan ya dinga sassauto shi a hankali, kansa a karkace, har sai ya ji abin da yake kira haki: wani ɗan fat-fat siriri da fatar ke yi in ta fara shan wuya, wanda kai da ke tsaye a gefensa ba za ka ji ba ko an rantse maka yana nan. Da ya ji, sai ya koma sama kaɗan ya zare hannu. Ko lambobin da ke jikin amfin ba ya kalla. "Ido na 'yan koyo ne," haka yake cewa, kuma a gaban Auta yake faɗa, da mitarsa a hannu.

Daga nan sai jan farce. Wannan ma da dalilinsa. A da samari kan tafi da mota lafiya lau, su je gida su tsokale maɓallin don neman ƙarin rugugi, sifika ta yage, su dawo suna rantsuwa ko kallon wurin ba su yi ba. Ran nan ya ɗauko kwalbar jan farcen matarsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya ya haɗe maɓallin da jikin amfin. In ya bushe, ka murɗa ko yaya ne sai ya tsage. Tun daga ranar ba a sake cin shi da gardama ba. Matar ce ke sayo masa, launi ɗaya kullum, ja mai duhu, tana mita wai ita ta daina shafawa shi ya ɗauka.

A 'yan shekarun nan Auta ya ɗauko wata ɗabi'a. Da Mai Kunne ya ɗiga jan farcen, sai ya matso ya ce, "Yaya, a bar shi ya bushe. Je ka sha shayi, ni zan rufe but ɗin motar." Mai motar ma sai ya lallaɓa shi ya je ya zaga ya dawo. Mai Kunne ya ɗauki abin a matsayin ladabi, ya ce yaron nan ya fara hankali. Zai tsallaka titi wurin mai shayi ya zauna, can sai ya ji benci na ɗan girgiza a ƙarƙashinsa, alamar an sake kunna sautin a shago. Sai ya yi murmushi. Auta ne yake sauraron aikin manya ko zai tsinci wani abu.

Kada a ce bai san komai game da kunnensa ba. Ya sani, ya dai ƙi sani ne. Akwai wani gyare da ya tare masa a kunnen hagu, ba ya hutawa. Mutanen yanzu kuma, a cewarsa, ba sa buɗe baki in za su yi magana, sai ka ce da ruwa a bakinsu. Ya koyi kallon leɓe ba tare da ya yarda cewa koya ya yi ba. In zance ya kufce masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne," an sha yi masa tambaya ya amsa da haka ne. A gida matarsa ta koma sai ta dafa kafaɗarsa, ta zagayo gabansa, sannan ta yi magana, shi kuwa yana jin daɗi wai soyayyar tsufa ce. Abin da yake rarrashin kansa da shi shi ne, ƙananan sautuka ne suka gudu, kukan tsuntsu da muryar yara da ƙarar cokali. Mai zurfin, wanda shi ne abincinsa, yana nan, har ya fi da, don yanzu a ƙirji yake jin sa. Ga kuma hujjar da ba mai ja da ita: ba motar da ta dawo.

Mai gilashi ya zo da hantsi, rungume da kwali kamar jariri. Tsohon abokin ciniki ne, yana da kantin gilashin tagogi a bakin kasuwa, kuma Mai Kunne ne ya haɗa masa sauti tun a motarsa ta fari. Mutum ne mai murya, in yana gaisuwa a nan sai a amsa a can. Shi ya sa Mai Kunne ke ƙaunar hira da shi, ko da yake bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

"'Yata ce ta kawo min," in ji mai gilashi, yana buɗe kwalin. "Tun daga can inda take aiki ta ɗauko ta, ta bar rabin kayanta saboda nauyi. Wai ta tuna tun tana ƙarama nake sa su a bayan mota ina ƙure musu kiɗa."

Sifika ce ta gani ta faɗa, baƙa, mai nauyi, gefenta da kauri. Mai Kunne ya danna fatar da yatsu uku ya sake ta, ya jinjina kai.

"Auta ya yi akwati, ya ja waya, ban hana ba," mai gilashi ya ci gaba. "Amma wurin maɓallin nan, hannunka nake so. Kuma ina tsaye za ka yi. Na gaya wa yarinyar akwai wani mutum a garin nan da yake gani da kunne."

Auta yana gefe yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana gogewa.

Ranar da aka gama akwatin, mai gilashi ya zo da saurinsa. Hutun 'yar ya ƙare, a ranar za ta koma, shi zai kai ta filin jirgi, kuma ya rantse sai ta ji kyautarta a hanya. Aka ɗaga but. Mai faci ya bar tayarsa ya matso, mai fenti ma ya sauke ƙyallen hancinsa, don kallon Mai Kunne yana aiki bai taɓa gundurar kowa ba.

Ya sa bakin sukundireba, ya rufe ido. Sautin ya taso, ya fara sassauto maɓallin. Ya ji shi a tafin ƙafa, ya hau gwiwa, ya zo ya cika masa ƙirji. Kai, sifikar nan da daɗi take. Ya karkata kai yana jiran haki. Ya ƙara sassautowa. Gyaren kunnensa na ta aikinsa, rugugin na ƙara zurfi, hakin bai zo ba. Ya ƙara. Sai maɓallin ya cije, ya ce a ransa sabon amfi ne, haka suke da tauri. A daidai nan ya ji hakin, ko kuma ya ce ya ji. Ya ɗan motsa hannu baya, ya kashe sautin, ya buɗe ido. Mai gilashi ya dubi mai faci yana washe baki, kamar shi ya yi aikin.

Ya ɗiga jan farcen, ya ɗauke burushin da 'yar wutsiyar nan da yake bari a gefen ɗigo.

"Yaya, a bar shi ya bushe," in ji Auta. "Je ka sha shayi." Ya juya ga mai gilashi. "Kai ma ka je ka ɗauko 'yar taka a tasi mana, ka dawo ka tarar an gama."

"Jan farce ne fa, ba siminti ba," in ji mai gilashi. Ya sunkuya yana hura wa ɗigon iska da baki. "Ga shi nan ya bushe."

"To akwai wata waya da ban yarda da ita ba. Ka ba ni motar kaɗan in duba."

"Wace waya?" Mai Kunne ya tambaya. Wannan karon ya kama maganar sarai, don idonsa na kan bakin Auta.

"Ta bayan amfi, Yaya. Ba za ta ɗau lokaci ba."

"Na bi wayoyin nan da hannuna ɗazu."

"Duk da haka, Yaya. Don Allah."

Wannan don Allah ɗin ce ta ɓata wa Mai Kunne rai. A gaban mutane, a gaban abokin ciniki na shekara da shekaru, yaron da ya goya zai tsaya yana roƙon a ba shi mota ya duba bayan shi ya sa hannu? Ya haɗe rai.

"Kai, tun yaushe aka fara duba aiki bayan na gama? In wayarka ce ba ka yarda da ita ba, da can kana ina? Mutum na sauri ka tsaya kana mana inda-inda. Matsa."

Auta ya buɗe baki, ya dubi mai faci, ya dubi mai fenti, ya mai da bakinsa ya rufe. Mai Kunne da kansa ya sauke but ɗin ya buga shi, ya daki bayan motar da tafin hannu. Mai gilashi ya ja ta ya tafi yana ɗaga hannu ta taga. Ranar Auta bai ci abincin rana ba, kuma duk motar da ta rage gudu a ƙofar shago sai ya ɗago kai.

Da la'asar motar ta dawo, ba kiɗa. Mai gilashi ya fito shi kaɗai, bai gaida kowa ba, ya zagaya ya ɗaga but. Fatar sifikar ta yage daga gefe har tsakiya, ta karkace, wurin yana warin ƙonanniyar waya.

"Ko rabin hanya ba mu yi ba," ya ce. "Ta sa waƙar da take so, na ƙara mata murya, tana dariya. Sai muka ji kamar an yaga buhu. Ta ce, Baba ba komai. Har muka isa ba komai take ce min. Ka san yadda ba komai ɗin nan take a kunne?"

Mai Kunne ko gezau bai yi ba. Ya sha ganin irin wannan, kuma ya san ƙarshen zancen. Ya gyara tsayuwa yadda 'yan kallo za su ji, don sun riga sun taru.

"Wa ya taɓa min maɓalli?"

"Ba wanda ya buɗe but ɗin nan."

"Kowa haka yake cewa. Jakar yarinyar a ina aka sa? Ba sai mun yi musu ba, ai ga mai shaida nan."

Ya sunkuya da yatsarsa a miƙe zai nuna tsagewar. Ɗigon na nan lafiya lau, sumul, yana sheƙi, da 'yar wutsiyarsa a gefe. Ko ƙuda bai sauka a kai ba. Sai a lokacin, karo na farko cikin shekaru, idonsa ya sauka kan lambobin. Kibiyar maɓallin tana can ƙasa, a ƙurewa, inda babu sauran abin da take tarewa. Ɗan koyon da ya shigo sana'a jiya ma ya san wannan a buɗe yake. Ya tuna cijewar da maɓallin ya yi, ya gane ba taurin sabon amfi ba ne, hanya ce ta ƙare.

Yatsar tana nan a miƙe, ya kasa janye ta. Sai wani tsumma ya faɗo a kan amfin ya rufe ɗigon, hannun Auta a kai.

"Laifina ne," in ji Auta. Ya faɗa da ƙarfi, fuskarsa na kallon mai gilashi, gefen bakinsa na kallon yayansa. "Wayar nan ce da na ce ban yarda da ita ba. Ni na ɗaura ta ba daidai ba. Aikin Yaya lafiyarsa ƙalau. Zan nemo maka irinta, ko ina take."

Mai gilashi ya juyo kan Auta kamar dama jira yake. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ai shi ya sa tun farko ya ce hannun Mai Kunne yake so. Shekara nawa kana gindin gwani ba ka tsinci komai ba? Irinta za ka nemo, ita ma 'yata ce za ta ɗauko ta? Kana zubar wa bawan Allah da sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa. Auta ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Mai faci yana girgiza kai, mai fenti ya ce dama shi ya lura yaron nan hankalinsa ba ya kan aiki kwanan nan.

Duk abin da aka faɗa Mai Kunne ya ji, don muryar mai gilashi ce, ba ta ɓoye masa komai. Kalma ɗaya za ta wadatar, a ɗage tsumman nan. Ya haɗiye ta. Da mai gilashi ya dafa shi ya ce, "Kai ma haƙuri za ka yi da shi," sai ya ji bakinsa ya ce, "Haka ne."

Aka watse. Mai gilashi ya bar motar ya hau tasi, Auta ya ce zai leƙa wurin masu kawo kaya ko za a dace, ya fita bai dubi kowa ba. Mai Kunne ya tsaya shi kaɗai da but a buɗe. Abin da ya fara zuwa masa, kuma abin kunya ne amma shi ya zo, shi ne ya goge ɗigon nan kafin wani ya ɗaga tsumman. Ya nemi tina, ruwan goge fenti, a kan tebur bai gani ba. Ya jawo akwatin kayan aikin Auta, wanda bai taɓa buɗewa ba don me zai nema a kayan yaro, ya ɗaga tiren sama.

Ga tina nan a 'yar kwalba, ga auduga, ga mita. A gefensu ga kwalbar jan farce, ja mai duhu, an sha rabinta. Ya laluba aljihunsa, tasa tana nan. Ya tona ƙasan akwatin, sai ga wasu kwalaben, duk launi ɗaya, sun ƙare sun bushe, murafensu sun kafe. A jikin murfin akwatin daga ciki kuwa an ɗiɗɗiga jan farce a jere, ɗigo bayan ɗigo, na farkon ba su da kyau, na ƙarshen kowanne da 'yar wutsiyarsa a gefe.

Ya zauna a kan wani akwatin sifika. Ashe shayin ke nan. Ashe girgizar bencin ke nan. Yana can yana kurɓa yana murmushi wai ana koyon aikin manya, ana nan ana goge hannunsa da tina, a sa mita a gyara, a mayar da ɗigo. Ba motar da ta dawo, gaskiya ne. Mota ɗaya tak ta fita da aikinsa a duk shekarun nan, ga ta nan a gabansa tana wari.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya ajiye kwalaben biyu a kan kujera, gefe da gefe. Ta dube su, ta ninke rigar da ke hannunta ta gama, sannan ta zo ta dafa kafaɗarsa ta zagayo gabansa. Yau ya gane dafawar, ya ture hannun.

"Ina Auta ya samu wannan?"

"Biyu nake saye," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da jikarka ta faɗo daga gado tana tsala kuka, kana zaune a bakin ƙofa kana gyaran rediyo ba ka waiga ba. A kwanakin ya zo ya same ni. A kan kujerar nan ya zauna. Ya ce ya kama mota uku a jere ka bar maɓallinsu a buɗe."

"Shi ne ba wanda ya iya gaya min."

"A gaya maka? Baban yara, sau nawa na ce mu je a duba kunnen nan ka ce ni ce nake cin magana? Shi kuma da ya kawo maka mita ka ce masa me, a gaban mutane?"

"Kun mai da ni abin wasa. Kun ɗaura min ganga ina rawa, kuna kallo."

"Ba wanda ya yi dariya. Ya ce in aka karɓe maka aikin maɓallin nan, gida za ka dawo ka zauna, kuma ba za ka daɗe ba. Ni ma na san haka ne. Mun bar maka sunanka."

"Sunana," ya ce. "Sunan da yaron nan yake ɗigawa da kwalba ta biyu."

Bakinta ya ci gaba da motsi, idonta ya kawo ruwa. Bai so ya san sauran ba. Ya juya mata baya, kuma hakan kawai ya isa, maganar ta koma gunaguni can nesa, gyaren ya rufe ta. Haushi yake ji, na ta, na Auta, na mai gilashi da muryarsa, na duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallonsa ido rufe. Mafi ɗaci shi ne ya rasa wanda ya cuce shi a cikinsu.

Da safe ya fita da niyya. A hanya ya shirya maganar tsaf. Zai kira mai faci da mai fenti, ya aika a kira mai gilashi, ya ɗage tsumman da hannunsa ya ce ga mai laifi. Sannan ya ce wa Auta ya koya masa mitar nan, in ido ne ya rage a yi da ido. Ya maimaita ta har sau nawa, kuma kowane karo tana fita da kyau.

Ya tarar Auta ya riga shi, idonsa ja, akwatin kayansa a rufe a inda ya bar shi. Suka gaisa. Auta ya dubi akwatin, ya dubi yayansa, ya kau da kai, kowa ya san kowa ya sani. A rumfar akwai wata mota da Auta ya gama wa waya tun jiya, but a ɗage, mai ita na tsaye, wani magidanci da ƙurar tafiya a takalminsa. Da ganin Mai Kunne ya taso da hannu biyu. Daga wani gari ya zo, ya ce, ya wuce shaguna da yawa a hanya bai tsaya ba. Mahaifinsa ne ya ba shi labarin mutumin da ke rufe ido. Ya ciro waya ya ce ko zai iya ɗaukar bidiyo, ya nuna wa tsohon.

Mai faci ya ajiye tayarsa ya matso. Mai fenti ya sauke ƙyallen hanci. Ga su nan duk sun taru ba tare da an kira su ba, ga motar mai gilashi a gefe, tsumman na nan a kan amfin. Maganar da ya shirya tana bakinsa. Ya dubi fuskar baƙon, ya ga yadda yake kallonsa, irin kallon da ya rayu a kai tun yana saurayi. Ya nemi wani abin da zai zama in an daina yi masa wannan kallon, bai samu ba.

Ya miƙa hannu, Auta ya sa masa sukundireba.

Ya rufe ido. Sautin ya taso ta ƙafafunsa ya cika masa ƙirji. Ya karkata kai yadda ya saba, ya murɗa, ya ɗan dakata kamar mai jiran wani abu, ya koma baya kaɗan. Bai jira komai ba, ya san ba abin da zai zo. Ya buɗe ido, baƙon na jinjina kai a bayan wayarsa. Ya ciro kwalbar, ya ɗiga, ya ja 'yar wutsiyar.

Auta ya matso zai yi magana. Mai Kunne ya riga shi.

"A bar shi ya bushe," ya ce wa baƙon. "Ka je ka zaga ka dawo. Ni zan sha shayi, ƙanena zai rufe but ɗin."

Ya tsallaka titi bai waiga ba. Ya zauna a bencin, ya ba shagon baya, mai shayi ya ajiye masa kofi. Bai daɗe ba bencin ya fara girgiza. Ya ji sautin a cinyoyinsa yana gangarowa a hankali, yana kallon shayin yana rawa a cikin kofin, har ya tsaya cak a inda ya kamata, nesa da inda shi ya bar shi. Mai shayi ya sunkuyo ya ce masa wani abu, bai ga bakinsa da kyau ba.

"Haka ne," in ji Mai Kunne.